Me ya sa sai an auna ido kafin a cire yana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 68 za a yi wa aikin yana a idon dama. Sai aka ce mu dawo a yi awon ido tukuna, har da na hagu da ba za a taɓa ba. Yayana ya ce ɓata lokaci ne. Dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Don Allah ki lallashi yayanki, kada a tsallake wannan awon.

Yana ba wata fata ba ce da ake ɓarewa. Madubin da ke cikin ido ne ya dushe, shi ake cirewa a sa na roba, ya zauna har ƙarshen rayuwa. To, madubin nan lamba-lamba ne kamar tabarau, kuma awon ne ke nuna lambar da ta dace da idon Mama.

Abu biyu ne ginshiƙi: tsawon ido daga gaba zuwa baya, wanda a yawancin manya yake tsakanin milimita 23 da 24, sai lanƙwasar gaban baƙin ido. Kuskuren milimita 1 kacal yana iya karkatar da lamba da kusan 3. Aiki ya yi kyau, rauni ya warke, amma mutum ya tashi yana ganin dishi-dishi sai da tabarau mai kauri. Haka ta faru a hannun likitan ido Harold Ridley, wanda ya fara dasa irin wannan madubi a Landan a 1949: lambar ta yi ƙarfi ƙwarai, marar lafiyar ba ta iya hango nesa ba. Wannan abin yana damuna matuƙa, domin sake shiga ido a canza madubi ba ƙaramin aiki ba ne.

Awon ba ya ciwo. Za ta ɗora haɓa, ta kalli wani ɗan haske, 'yan mintuna an gama. In yanar ta yi kauri har haske ba ya ratsawa, sai a ɗiga maganin kashe zafi, a auna da na'ura mai amfani da sauti.

Na hagu kuwa don kwatance ne. Idanun mutum galibi tsawonsu kusan ɗaya ne, in aka ga tazara mai yawa sai a sake awo.

Ku je da tsohon tabaraunta. In an taɓa yi mata wani aiki a ido, ko idon yana yawan bushewa da ƙaiƙayi, ku faɗa kafin a fara.