Ana cinye min murjani, kuma ban ga mai cin ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin ruwan gishiri na kiwon kifi da murjani mai rai, mai cin lita 400, a gidana a Abuja, shekara biyu ke nan ina rainonsa. Mako biyar da suka wuce na sayo rassan Acropora, wani nau'in murjani mai rassa, guda biyu a wani shago, na saka su kai tsaye. Yanzu tsofaffin Acropora ɗina uku sun dusashe, bakunansu sun daina fitowa, ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare a jikinsu ta ƙasa. Awon ruwan: gishiri 1.026, alkaliniti 8, zafi digiri 26. Mai shagon ya ce in zuba maganin jan ƙarfe na kifi. Wani kuma a guruf ɗinmu na WhatsApp ya ce ɗigo biyu na fiya-fiya a cikin tanki ya isa, wai Turawa ma da maganin ƙwari suke yi. Wallahi barci ya gagare ni. Wanne zan zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ko ɗaya. Ka ajiye kwalaben nan biyu nesa da ɗakin da tankin yake, sannan mu yi magana.

Awon ruwanka lafiya lau yake, kuma da zafi ne ko ɗauke wuta ya taɓa su, da sai ka ga launin ya kwashe a ko'ina, har da sauran murjanin. Naka kuwa Acropora kaɗai abin ya zaɓa, ya faro daga gindi, kuma ya biyo bayan baƙi biyu da suka shigo ba a bincike su ba. Zargina ya fi karkata ga shimfiɗaɗɗiyar tsutsar nan mai cin Acropora, wadda aka yi wa suna a 2011, yanzu kuma masana ke kira Prosthiostomum acroporae. Ba ka gan ta ba ne domin launin abin da ta ci take ɗauka, ta lafe a jikin reshe kamar fatarsa. Ɗigon da kake gani tabon cizonta ne, zagayayye, bai wuce milimita guda ba.

Ga yadda za ka tabbatar da daren nan. Ka ɗebi ruwan tankin a farar roba, ka saka reshe ɗaya, ka sami babban sirinji marar allura ka riƙa fesa masa ruwa da ƙarfi. In ita ce, za ka ga wasu abubuwa masu ruwan ƙasa, faɗi-faɗi kamar ɓawon riɗi, suna faɗowa suna naɗewa. Sannan ka juya gindin reshen ka haska shi da fitilar waya. A wurin da naman ya mutu, ƙashi ya fito fari, ka nemi 'yan ƙwayaye masu launin zuma da suka jeru a manne. In kuwa abin da ka gani 'yan ɗigo ne rawaya masu jan tabo, rabin milimita, suna yawo a kan reshen, to wannan Tegastes acroporanus ne, dangin jatan lande, kuma maganinsa daban ne: milbemycin, wanda ake ba karnuka, sai ta hannun likitan dabbobi, kuma yana kashe kaguwa da jatan lande duk da ke cikin ruwan. Amma shi ba ya barin tabo zagayayye irin wanda ka kwatanta.

Yanzu bari in dawo kan kwalaben nan, domin babu makon da zai wuce ban ji wannan magana ba, har ta ishe ni. Mutanenmu sun ɗauki tanki kamar ɗaki mai sauro: a fesa, a rufe ƙofa, a dawo an huta. Sun manta cewa murjanin da suke son ceta dabba ce marar ƙashin baya, ita ma tsutsar haka take. Gubar da za ta kashe ɗaya a cikin ruwa guda ba ta da idon tantance ɗaya. Jan ƙarfe magani ne na gaskiya, amma na kifi mai ciwon farin ɗigo, a tanki tsirara wanda babu dutse babu yashi babu murjani. Tun kafin ya kai ma'aunin da ake ba kifi, dodon koɗi da jatan lande da murjani sun gama mutuwa. Abin da ya fi muni, duwatsun tankinka da yashinsa suna shanye shi, su riƙa sakinsa sannu a hankali wata da watanni. Ka canza ruwa sau goma, ka sayo sabon murjani, ya narke, ka rasa dalili. Mai shagon da ya ce ka zuba, ko dai bai taɓa riƙe murjani ya kwana ba, ko kuma yana lissafin abin da za ka dawo ka saya. Ban san zuciyarsa ba, Allah ya sani, amma dai shi ya sayar maka da rassan.

Fiya-fiya kuwa, ina ma a ce wasa ake yi. Sinadarin dichlorvos ne a cikinsa, mai shanye jijiyoyi, wanda yake kwantar da mutum a asibiti balle kifi mai tsawon yatsa. An taɓa kirana gidan wani bawan Allah da ya bi irin wannan shawara da magariba. Da safe na tarar da ruwan ya koma kamar tsinkakken koko, wari tun daga bakin ƙofa, dodon koɗi duk sun saki gilashi sun zube a rigingine, tsutsotsin da ke ɓoye cikin duwatsu sun fito sun mutu a kan yashi, kifaye suna sama suna haki. Da muka ciro gindin Acropora ɗinsa, naman ya sabule, amma ƙwayayen nan suna manne a ƙashi kamar ba a yi komai ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Shi kuma batun Turawa, gaskiya ce da aka yanke mata ƙafa. Wasu masu kiwo a Amurka suna amfani da wani maganin ƙwarin lambu mai imidacloprid, amma a bokiti, a wajen tanki, na 'yan mintoci, sannan su ɗauraye reshen a ruwa biyu ko uku kafin ya koma. Labarin ya biyo intanet, bokitin ya faɗi a hanya, ɗauraya ta faɗi, sunan sinadarin ya sauya, sai ɗigo biyu ya iso Abuja. Wanda ya turo bai gwada a nasa tankin ba. Ka tambaye shi ka ji.

Aikin da ke gabanka na haƙuri ne. Ka haɗa ƙaramin tankin killacewa mai fitila da famfon motsa ruwa, ka kwashe Acropora duka zuwa can, masu ciwo da masu lafiya. Wanda ya manne da dutse ka ɓanɓare, ka kankare ragowar namansa, domin ɗan abin da ka bari shi zai ciyar da su. Duk reshen da ke da ƙwai, kada ka tsaya gogewa da buroshi, ka yanke shi daga sama da wurin, ka jefar da gindin da matashinsa, wato ɗan dandamalin da aka manna shi a kai, ka manna lafiyayyen ɓangaren a sabon matashi da sufa gulu mai kauri. Sai tsomawa a maganin da aka yi domin murjani, irin su CoralRx ko Revive, da ruwan tanki a bokiti, gwargwadon ma'auni da mintocin da aka rubuta a jikin kwalbar, kana kaɗa ruwan. Ka ɗauraye a bokiti na biyu, ka zubar da ruwan duka.

Tsomawa ɗaya kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Maganin ba ya ratsa ƙwai, kuma ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kimanin mako biyu, ya fi sauri in ruwan ya fi ɗumi. Don haka duk mako za ka maimaita, aƙalla sau shida, domin ka riƙa tare ƙananan kafin su isa yin nasu ƙwan. Babban tankin kuma ya zauna wata biyu ba Acropora ko guda, yunwa ta gama da waɗanda suka rage. Za a ce maka ka sayi kifin nan mai layi shida a jiki, wanda ake kira sixline wrasse, ya cinye su. Yana cin manyan in ya same su, amma bai damu da ƙwai ba, kuma mafaɗaci ne, sai ka yi tunani kafin ka haɗa shi da ƙananan kifayenka.

In akwai Palythoa ko Zoanthus, wato dangin murjani masu laushi da ke ɗauke da guba, a kan duwatsun da za ka kankare, ka sa safar hannu da tabarau, kuma kada ka kuskura ka zuba wa dutsen ruwan zafi, domin tururin gubarsu ya sha kai iyali guda asibiti. Ka turo min hoton farar robar bayan fesawar farko, da na gindin reshen a kusa.