Surukata na ganin ƙibata albarkar aure ce, ni kuwa gwiwoyina sun gaji

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni malamar lakwal ce a nan Tawa, shekaruna 37, ƴaƴana huɗu. Ran da aka kai ni ɗaki kilo 61 gare ni. Watan jiya ciwon gwiwa ya kai ni likita, aka ɗora ni a kan sikeli, sai ga 93. Lokotoro ya sa aka auna mini sukari da safe kafin in ci komai, ya ce bai zama ciwo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, hawan jini ma na leƙowa. Ya ce in rage nauyi, in ƙara abinci mai gina jiki, in rage mai sitaci. Kafin in buɗe baki in yi tambaya ya kira na bayana, don layi ya yi tsawo.

Da na dawo gida na shiga Facebook neman haske. Abin da na tarar duk na Turawa ne: wani jan kifin teku, ƙirjin kaza kullum, da ƴaƴan itatuwan da ko sunansu ban iya faɗa ba. Gwaggo, a ina zan ga waɗannan a kasuwar Tawa? Ko na gan su, albashin malami ne zai saye su?

Sai na yi tawa dabara. Sati biyu ina tashi da ruwan zafi da lemun tsami, ba na sa komai a baki sai azahar. Ran nan ina cikin rubutu jiri ya ɗebe ni, sai da na dafa allo, yara suka yi tsit suna kallona. In na koma gida kuma sai in auka wa tukunya kamar wadda ta shekara ba ta ci ba. Na kuma sayi shayin rage tumbi na jaka goma wurin wata mata, abin da na samu gudawa ce ta kwana uku.

Babbar matsalar tana cikin gida. Mu goma sha ɗaya ne, tukunya ɗaya, tare da mahaifiyar maigidana. Da safe kunu da ƙosai, ko burodi da shayi mai madara. Da rana shinkafa ko taliya, da la'asar fura, da dare tuwon hatsi. Da Inna ta lura ina janye hannu, ta zaunar da ni ta ce, "Me aka rage ki da shi a gidan nan? So kike dangi su ce ɗana ba ya ciyar da ke?" Tun daga ranar da hannunta take dama mini fura, ta zuba sukari, ta miƙo mini kwano cike. Ba ta taɓa cuta mini ba, ni kuwa ba na iya mayar da hannunta. Maigida in na yi masa magana sai ya ce shi bai ce na yi ƙiba ba.

Me zan ci, Gwaggo, da ɗan abin da nake samu, ba tare da na raba tukunya ko na ɓata wa Inna rai ba?

Ɗiyarki daga Tawa

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kina zaune a ƙasar cuku da nono da wake, ga kifin Tabalak, ga albasar Galmi, kina neman kifin Turawa a waya. Bari mu fara da zubar da shayin nan. Duk abin da ke sa gudawa ruwan jikinki yake kwashewa, kitse na nan inda yake. Zaman yunwar safe ma ki bar shi, kin dai ga inda ya kai ki, ga jiri a gaban yara, ga ramuwar gayya a kan tukunya.

Abin da lokotoro bai samu sukunin yi miki bayani ba shi ne wannan. Hatsi da shinkafa da taliya da burodi, kusan kashi 70 cikin 100 na busasshen hatsi ko shinkafa sitaci ne, in ya shiga ciki sukari yake komawa. Wanda aka niƙa ya yi laushi ko aka dama ya zama ruwa ya fi saurin shiga jini, ya fi kuma saurin barin mutum da yunwa. Furotin kuwa, wato mai gina jikin da lokotoro ya ce ki ƙara, wanda ke cikin nama da kifi da ƙwai da nono da wake, yana daɗewa a ciki, yana riƙe yunwa, yana kuma tsare tsokar jiki lokacin da nauyi ke sauka. Ki duba jerin da kika rubuto mini da kanki: sau huɗu kike cin sitaci a yini, biyu daga ciki sha kike yi.

To, daga abin sha za ki fara, don nan ne sukari ke shiga ba a sani ba. Lemun gwangwani mai santilita 33 na ɗauke da sukari wajen giram 35, kamar ƙwaya 7 ke nan ta sukarin kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Ki lissafa na shayin safe, na kunu, na zoɓo, na furar Inna, za ki ga tun kafin magariba kin wuce iyaka.

Karin kumallo ya zama ƙwai biyu ko uku, dafaffe ko a soya da ɗan mai kaɗan da albasa da tumatir. Kowane ƙwai na da furotin wajen giram 6. Ki bi shi da kofin kindirmo ba sukari. Da damina ƙwan zabi kan yi araha, ki more shi. A jakar lakwal ki sa ɓallin cuku ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, don ƙarfe goma ta same ki da abin taunawa, kada mai fanken bakin ƙofa ta same ki.

Wake yana son a yi masa adalci, ana kuma yawan yi masa ƙarin gishiri. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, amma fiye da rabinsa sitaci ne shi ma, sai dai nasa a hankali yake narkewa. Saboda haka ran da aka dafa shinkafa da wake, ki ware wake kafin a haɗa, naki kwano ya zama wake ne da ɗan yayyafin shinkafa. Alala ta fi ƙosai, don ƙosai mai yake sha. Ɗan wake kuwa kada sunansa ya ruɗe ki, da garin rogo ake haɗa shi. Awara ita ce aminiyarki, sitacinta kaɗan ne ƙwarai, kuɗinta kuma bai kai na nama ba. Illa dai suya ke ɓata ta, cokalin mai babba guda kalori 120 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda in ya yi yawa kitse yake komawa. Ki sayi ɗanya wurin mai yi, ki yanka cikin miya, ko ki gasa a kasko da yaji.

Ni dai in an tambaye ni abinci ɗaya da mai neman rage ƙiba a ƙasarmu zai riƙe, kwaɗon zogale zan ce, wanda mutanen Yamai ke kira kopto. A dafa ganye a matse, a daka ƙuli-ƙuli a kwaɓa shi da ruwa, a yanka albasa da tumatir da tattasai, a matsa lemun tsami. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ce da aka riga aka matse mata mai, abin da ya saura galibi mai gina jiki ne, don haka ba sai kin ƙara tsiyaya man gyaɗa a kai ba, kuma kada a barbaɗa garin rogo. Kwano guda da azahar, da ƙwai ko guntun kifi a gefe, zai kai ki magariba ba ki tuna da fura ba. Rama da yaɗiya da tafasa duk haka ake yi musu, da lokacin sanyi kuma ga kabeji da salati daga garake. Kakanninmu da wannan suka tsallake shekarun wahala, shi ya sa wasu ke kallonsa abincin talaka. Su suka sani.

Tuwon dare kada ki bar shi, waɗanda na ga sun yi masa saki uku yawancinsu ba su yi wata ba suka yi kome. Ki gutsuri daidai dunƙulen hannunki, ki ninka miya, kuka ce ko kuɓewa, a sa mata busasshen kifi da daddawa. Nama ko kifi kamar faɗin tafin hannunki na ba da furotin wajen giram 25, kuma farfesu ko gashi ya fi suya. Fara ma in lokacinta ya yi ki ci, wajen rabin nauyin busasshiyarta furotin ne, amma ki saya wurin wadda kika yarda ba daga gonar da aka yi wa feshi ta kamo ba. Kilishi na marmari ne kawai, gishirinsa bai dace da mai hawan jini a bakin ƙofa ba, haka ma dunƙulen magi da ake jefawa uku-uku a miya.

Kada ki sa ranki a kilo 61 na amarci. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 5 zuwa 9 a wurinki, ya isa ya taimaka wa sukari da jini da gwiwa. Rabin kilo a sati tafiya ce mai kyau. Ki haɗa da takawa ta minti 30 bayan asuba kafin rana ta buɗe, ki sha ruwa sosai. Ki koma wurin lokotoro ki roƙi a duba miki ƙoda, domin mai ciwon ƙoda ba a ƙara masa furotin haka nan. In kina da ciki ko goyo, ko an ɗora ki a kan maganin sukari, ki faɗa masa kafin ki rage komai.

Sai maganar Inna. Ita ta tashi a zamanin da ramar mace abin kunya ce ga miji, furar nan kuwa ƙauna ce take damawa. Kada ki sake ta ji kalmar rage ƙiba a bakinki. Maigida ya daina laɓewa bayan "ban ce ba", ya ɗauki takardar awon ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ce lokotoro ya hana matarsa sukari, ana tsoron ciwo. Daga bakin ɗanta za ta fi ji. Ke kuma ki durƙusa ki ce, "Inna, furarki ba na iya barin ta, amma a cika mini nono, a sa fura kaɗan, a bar sukarin." Ki karɓa da hannu biyu, ki sha abin da ya sawwaƙa, ki miƙa wa auta saura. Sannan ki roƙe ta ta koya miki kwaɗo irin na da, na tabbata hannunta ya fi naki, kuma tsohuwa in aka ba ta aikin kula da ke ba za ta yi wasa da shi ba.

Ki ari awon tela ki auna ƙugunki daidai cibiya gobe da safe, ki rubuta a bayan littafin kiran suna. Bayan wata uku ki sake aunawa, ki rubuto mini lambobin biyu, da abin da Inna ta ce.

Gwaggonku