Tanko da hanyar maigida

Malam, ka tambaye ni yadda aka yi Ibrahim Tanko, yaron Kumasi ta ƙasar Ghana, ya zama koci har a Jamus da Japan, kuma wai shin Bahaushe ne na asali. Ta biyun nan ba mu cika yin ta ba a zango. A Aboabo da Asawase, unguwannin zango na Kumasi, Mosi da Dagomba da Kotokoli da jikokin fataken Kano duk Hausa suke yi, masallaci ɗaya, fili ɗaya. Ɗan zango kawai muke cewa.

Ƙwallonmu daga ƙungiyoyin yara na unguwa take farawa. Mai ƙungiya shi ne uba: shi ke sayen takalmi, ya ciyar, ya je ya lallashi iyaye su bar yaro ya fito fili bayan makarantar allo. Tanko a King Faisal ya taso, ƙungiyar Alhaji Karim Grusah, daga nan Borussia Dortmund ta ɗauke shi yana ɗan shekara 17. Yana cikinsu suka ci gasar Jamus a 1995 da 1996, amma rauni bai bar shi ya sake ba. A 2001 ya koma Freiburg, hannun koci Volker Finke.

To, a nan maganar take. Da ya ajiye takalmi a 2007 bai daɗe a rabe da mutumin nan ba. Finke ya tafi Urawa ta Japan a 2009, Tanko na mataimaki. Suka sake haɗuwa a ƙungiyar Kolon ta Jamus, sannan ƙungiyar ƙasar Kamaru, har gasar cin kofin duniya ta 2014. 'Yan boko a Akara sun ce ya daɗe a inuwar Bature. Dattawanmu ba su ga aibu ba, don haka kakanninmu suka koyi fataucin goro: ka bi maigida shekaru, ka san hanya da mutanenta, kafin a ba ka jari. Ni ma ra'ayina ke nan, ko da yake bin ya yi tsawo.

Gida kuwa ba ta da wannan haƙurin. Ya dawo mataimakin Kwesi Appiah, kocin ƙungiyar ƙasar Ghana, a 2017, aka kuma ba shi ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 23. A gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Masar, 2019, Afirka ta Kudu ta doke su a bugun fenareti, tikitin Olamfik ya kuɓuce, zagi ya tashi a gidajen rediyo kamar bai taɓa sanin ƙwallo ba. Daga baya ya kama aiki da Accra Lions, inda yawancin 'yan wasan matasa ne.

Ka gaida mutanen Fagge.