Sun ce na ci musu kuɗi don littafin ya yi gajarta: in ƙara masa tsawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce a nan Kaduna, a Tudun Wada nake. Ina rubuta jerin labari a kan gidan wani attajiri mai mata biyu da 'ya'ya 11. Littafi na ɗaya da na biyu kowanne ya haura shafi 150, kuma sun karɓu. Na biyun ya ƙare da rasuwar maigidan. Sai na fitar da na uku, ɗan siriri mai shafi 42, a kan zaman takabar matan biyu kawai, yadda suka yi wata huɗu da kwana goma a gida ɗaya ba fita sai da larura. Kuɗin da na sa wa na baya shi na sa masa. Tun da ya fita ban yi barcin kirki ba. Wasu sun ce duk ya fi sauran, har kuka suka yi. Wasu sun ce na ci musu kuɗi. Wasu sun ce na goyi bayan amarya tunda ban wulaƙanta ta ba, wata ma cewa ta yi basirata ta ƙafe. Akwai wani da ake kira manazarci, ya ce in biya shi ya taya ni faɗaɗa littafin ya kai shafi 100 in sake fitarwa. Malam, in yi? Tsorona kar masu karatuna su watse kafin na huɗu. Ga kwafin nan na haɗo maka.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki yi barcinki. Na karanta kwafin a zama ɗaya bayan sallar isha'i, kuma basirarki tana nan daram. Mutumin nan kuwa kar ki ba shi ko sisin kwabo.

Wannan magana ta cewa darajar littafi a kaurinsa take, kusan kullum sai na gamu da ita, kuma ta lalata rubutun matasanmu fiye da rashin iya ƙa'idar rubutu. Wanda bai iya raba kalma ba, a mako guda za a koya masa. Wanda ya yarda cewa sai ya kai shafi 200 ne ya zama marubuci, shi ne mai wuyar magani, don kuwa a ganinsa ƙoƙari yake yi. Na sha karɓar rubutu inda labarin gaskiya bai wuce shafi 60 ba, sauran duk ruwa ne aka ƙara wa miya don ta isa baƙi. Za ki ga an ɓata shafi uku ana lissafa kayan lefe, akwati kaza, atamfa kaza, leshi kaza, shadda kaza. An kwatanta falon Alhaji tun daga labule har ƙafar kujera. An shiga madafi an tsaya kan jarumar tana yanka albasa, tana jajjage, har ta sauke tukunya, alhali ba abin da girkin ya sauya a labarin. In duk wannan bai cika shafin ba, sai a kawo hatsarin mota a hanyar Zariya, jarumi ya manta kowa da komai, a kwashe shi zuwa asibiti a Indiya, a dawo da shi, a gano ashe kishiya ce ta je wurin boka. Mai karatu yana tsallake shafuka yana neman inda maganar ta tsaya, marubuci kuma yana alfahari wai littafinsa ya yi kauri.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, masu yaɗa wannan ra'ayi suna yi kamar gadonmu ne. Su je su ɗauko littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, waɗanda aka buga a Zariya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa sirara ne, wanda ya hau jirgin ƙasa a tashar Rigasa ta Kaduna zai iya gama ɗaya kafin ya sauka a tashar Idu ta Abuja. Shekara 90 ke nan ana karanta su a makarantu, ba wanda ya taɓa cewa a ƙara musu babi. Ko adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga shekarun 1980, raba littafi zuwa na 1, na 2, na 3 da ake yi, lissafin aljihu ne: kuɗin takarda da na ɗab'i sun yi yawa, sai marubuci ya buga kashi na farko, abin da ya samu ya buga na biyu da shi, mai saye ma ya samu abin da ƙarfinsa zai kai. Kowane kashi ɗan siriri ne. Dogon labari marar iyaka ya samu gindin zama ne da rubutu ya koma waya, inda ake sakin shafi kullum a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na roƙon ƙari, masu karanta littafi a YouTube kuma na son abin da zai ɗauki sa'o'i. Kasuwa ce ta zo da nata tsarin, ba laifi ba ne a ci kasuwa, amma a daina kiran sa ƙa'idar adabi. Gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ma ai ta nuna mana matanmu na iya ɗauke rayuwar gida sukutum su zuba ta cikin 'yan shafuka.

Su kuma waɗannan manazartan na dare ɗaya, Allah Ya shirye su. Mutum bai taɓa gyara littafi ya fita kasuwa ba, bai san bambancin jigo da zubi ba, amma ya buɗe zaure a waya yana karɓar kuɗi a kan kowane shafi. To wanda ake biya bisa yawan shafi, me kike tsammanin zai ce miki? Edita na gaskiya yawancin aikinsa yankewa ne. Ni a aikina ban tuna ranar da na mayar wa marubuci rubutunsa ya fi yadda ya kawo shi kauri ba, sai fa in wani wuri ne guda da ya yi gaggawa na ce ya koma ya zauna a kansa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dubi littafin naki. Ƙarfinsa a ƙuncinsa yake. Mata biyu da suka shekara 20 ba sa ga maciji, yau ga su a tsakar gida ɗaya, madafi ɗaya, wanda suke faɗa a kansa yana maƙabarta. Kin nuna yadda gidan ke cika ranar sadakar uku da ta bakwai, sannan masu gaisuwa suka riƙa raguwa, har bayan arba'in ya zama ba kowa sai su da ƙarar famfo. Wurin da uwargida ta tashi cikin dare ta tarar da amarya zaune a ƙofar turakar mamacin, ta koma ta ɗauko mata mayafi ba ta ce uffan ba, layi biyar ne kacal, kuma na tabbata a nan ne waɗanda suka yi kuka suka yi shi. Yanzu ki ce za ki cusa wa wannan shafi 58? Da me? Da bikin wata 'yar dangi a Malali? Takaba zama ne na shiru da taƙaita komai, littafin da ya yi surutu a kanta ya ƙaryata kansa.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ba zan wanke ki tas ba. Waɗanda suka ce kin ci musu kuɗi suna da 'yar gaskiya. Kin saba ba su mudu cike, kika miƙa musu gwangwani a farashin mudu ba ki faɗa musu ba. Da tun a talla kin ce wannan gajeren littafi ne mai shafi 42, tsakanin na biyu da na huɗu, kika rage kuɗin, rabin masu ƙorafin nan ba za su buɗe baki ba. Gyaran mai sauƙi ne: ki fito ki ce kin ji, ki yi wa duk wanda ya sayi na uku rangwame a na huɗu. Kar ki ba da haƙuri kan labarin, kan farashin kawai.

Akwai kuma bashin da kika ɗauka ba ki sani ba. Duk Bahaushen da ya karanta cewa attajiri mai mata biyu da 'ya'ya 11 ya rasu, abu ɗaya yake jira a littafi na gaba: rabon gado. Da yawa daga masu cewa "ya yi gajarta", abin da suke nufi shi ne "ba ki kai mu inda muke so ba". Shafi ɗaya a ƙarshe da zai nuna babban ɗan gidan ya fara tattara takardun filaye da ya isa ya shaida musu ba ki manta ba. Ki buɗe na huɗu da wannan. Kuma don Allah kafin ki rubuta shi ki zauna da malamin da ya san ilmin rabon gado. Na ga littattafan da aka ba kowace mata tumuninta daban, alhali in akwai 'ya'ya tumuni ɗaya ne, kashi ɗaya cikin takwas, matan ke rabawa tsakaninsu. Irin wannan kuskure ne ya kamata ya hana marubuciya barci.

Masu son ki wulaƙanta amarya kuwa, ki bar su. Wasunsu ba amaryar littafinki suke gani ba, ta gidansu suke gani, ko ta gidan ubansu, suna son ki rama musu da alƙalami. Ina tausaya musu, amma in kika fara rubutu bisa umarnin zaure, yau za su ce ki haukata amarya, gobe 'yan bayan amarya su ce ki makantar da uwargida, jibi ki rasa labarin wa kike rubutawa. Matar nan mijinta ya mutu ita ma, kuma kin rubuta ta a matsayin wadda mijinta ya mutu. Wadda ta ce basirarki ta ƙafe, ki lura da kyau, ina kyautata zaton tana cikin mutum goman farko da za su turo kuɗin na huɗu.

Shi kuma manazarcin, in ya sake tuntuɓar ki, ki ce ya turo miki sunan littafi ɗaya da ya gyara, da lambar shafin da ya yanke a cikinsa.