Me ya sa jirgi ke jira a waje alhali akwai gurbi a Apapa?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da jirgi zai taso tun daga Sin, ya zo ya jefa anga a bakin Legas yana jiran failot, wato mai jagorantar jirgin ruwa zuwa cikin tasha, alhali ga gurbi nan a Apapa babu kowa. Har ka ce kyaftin ɗin da ya ratso teku ai shiga tasha ba za ta gagare shi ba.

To, teku fili ce, mashigar Legas kuwa lungu. Duk jirgin da zai je Apapa ko Tin Can sai ya bi ta Commodore Channel, tsakanin katangun duwatsun nan biyu, ta gabas da ta yamma. Kyaftin ya san halin jirginsa, mu failot kuma mun san inda rairayi ya taru, da inda ruwan lagun ke tunkuɗar jirgi in ya fara janyewa zuwa teku. Shi ya sa hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya, NPA, ta wajabta ɗaukar failot. Amma ko kana sama, alhakin jirgi yana wuyan kyaftin. Kai shawara kake bayarwa.

Abin da ya fi tsayar da jirgi shi ne zurfi. Kafin mu taɓa shi sai mun san mita nawa ya nutse, mu gwada da zurfin hanya da lokacin cikar ruwa. Bambancin cika da janyewa a nan bai wuce kamar mita 1 ba, amma ga jirgin da aka shaƙe da kwantena ko alkama, wannan mitar ita ce komai. Ga wani abu da sabon shiga ba ya yarda da shi sai ya gani: jirgi in ya ƙara gudu a ruwa marar zurfi, ƙara nutsewa yake yi. Ka rage gudu da yawa kuma, sitiyari ya daina jin magana. Tsakanin biyun nan aikinmu yake.

Sai hazon hunturu, ranar da ba ka hango boya ta gaba, wato alamar hanya da aka sa a kan ruwa. Sai jiragen ja, in suna kan wani aiki dole a jira su. Ejan ɗin jirgi zai dame ka da waya saboda kuɗin jinkiri na hawa, ka ba shi haƙuri kawai. Jirgi ɗaya in ya kafe a mashiga, kamar tirela ce ta gitta a hanyar Apapa, na ciki ba fita, na waje ba shiga. Ka tuna jirgin Ever Given da ya kafe a mashigin Suwez a Maris 2021, kwana 6 hanya a toshe. Wani jiran kuma ba namu ba ne, takardu ne ko cunkoson kaya a tasha. Manyan jirage yanzu suna da tashar Lekki, mai zurfin mita 16.5, da aka buɗe a 2023.

Gobe in mun fita, ka lura da boya: in muna shigowa ja tana hagu, koriya tana dama. Kuma kada ka taka tsanin igiya sai ka ga ma'aikacin jirgi tsaye a sama da oba-oba a hannunsa. In tsayin daga ruwa ya wuce mita 9, doka ta ce a haɗa shi da matakala. In ba su haɗa ba, ka faɗa mini mu juya kwale-kwalenmu.