Kar ka sake tambayar katin kare, ni shi ya ja min

Salam ɗan uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan sak. Ka ce wata ta zo shiga motarka da kare wai na aiki ne, wato wanda aka horar ya taimaki mai lalura, ka nemi katinsa ta ce babu, ka ƙi ɗaukarta, shi ne kake tambaya ko kana da gaskiya. Ka yi haƙuri, a dokar Amurka ba ka da ita.

Ni nawa ran Juma'a ne a Bronx cikin birnin New York, na sha farar shadda, dardumata na kujerar baya, fasinja ɗaya ya rage in wuce masallaci. Sai ga wani bawan Allah da ƙaton baƙin kare, ko 'yar rigar nan da ake sa musu babu. Na sauke gilashi na ce ina kati? Ya ce ba ya buƙata. Na ce to ba kati ba shiga, na ja motata. Kafin a idar da sallah kamfanin da nake wa jigilar fasinja sun rufe min asusu. Sati uku cur ina zaune a ɗaki, kuɗin haya ya zo, na inshora ya zo, ga tsohuwa tana kira daga Damagaram ana jiran na cefanen azumi, in ga kiranta in kife wayar don kunya. Na kira kamfanin ya fi sau goma, yarinyar da ta ɗauka ko bari in kai aya ba ta yi, shekara shida ina musu bauta cikin ƙanƙara da zafi amma ta yi min magana kamar ɓarawo. Har yau in na tuna muryarta raina sai ya ɓaci. Ashe mutumin farfaɗiya gare shi, karen aka koya wa taimakonsa in ta tashi.

Dokar ADA ta 1990, wato dokar haƙƙin masu nakasa ta Amurka, ba ta san wani kati ba, ba rajista, ba riga. Tambaya biyu kacal aka yarje maka: karen nan saboda lalura ake buƙatarsa? Wane aiki aka koya masa? Shi ke nan. Ba ka tambayar ciwon mutum, ba ka cewa karen ya gwada a gabanka, ba ka ƙara ko sisi. Tsoron kare ko atishawa ma ba hujja ba ce.

Katunan nan masu hoto da hatimi kuwa a intanet ake saye, Ma'aikatar Shari'a da kanta ta ce ba shaida ba ne. Wata da ta nuna min kati har da ɗaga hanci, ita ce ɗan mitsitsin karenta ya tsula min fitsari a kujera, kwana biyu ina turare motar. Irin waɗannan na ɗebe kewa ne, da waɗanda ake kaiwa asibiti su faranta wa majinyata, ADA ba ta lissafa su cikin na aiki, ko kamfanonin jiragen sama tun 2021 an daina tilasta musu ɗaukar na ɗebe kewa a haka. A Kalifoniya ƙaryar karen aiki laifi ce har da tara da ɗauri, amma kama maƙaryaci ba aikinka ba ne, sai dai in karen na ta haushi da kai cizo mai shi ya kasa tsawata masa, nan kana da bakin magana.

Batun najasa kuma na je wurin malaminmu, ya ce mu 'yan Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, haba da na sani tun farko. Yanzu tsohon bargo nake ajewa a but, in na hango kare in shimfiɗa, darduma kuma ta dawo gaba. Ka rubuta wa kamfaninku yau ɗin nan tun matar ba ta riga ka ba, ka ce ba ka san dokar ba yanzu ka sani, kar ka tsaya musu kamar yadda na yi. Allah Ya rufa asiri.