Raba lodin za ka yi, ba sabuwar rauta ba

Ka ce kyamarorin gidan da muka yi wa aiki suna daskarewa da yamma, har kana ganin a sayi rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, mai tsada. A'a, ɗana, kuɗin mai gidan kawai za mu ƙona.

Duba abin da aka ɗora wa rautar nan: kyamarori, makullin ƙofa, fitilu, inbatar sola, ga wayoyin 'yan gida, duk a kan layin Wi-Fi ɗaya, na 2.4 GHz. Shi Wi-Fi kamar zaman dattawa ne, in ɗaya na magana sai saura su jira. Ita kuwa kyamara ba ta yin shiru. Da yamma kowa ya dawo ya buɗe YouTube, jira ya yi tsawo, sai hoto ya tsaya cak.

To, kyamara waya za ka ja mata zuwa suwic, akwatin da ake jona wayoyin kyamarori, mai PoE, wato wuta da hoto su bi waya ɗaya, kuma kada tsawonta ya wuce mita 100. Kada yawan ramukan suwic ya ruɗe ka, ka duba jimillar wutar da yake iya bayarwa. Da dare in fitilun gani cikin duhu suka kunnu, cin wuta yana ƙaruwa, sai ka ga wata kyamara tana ɗaukewa tana dawowa. Wayoyin hannu da talabijin ka mai da su layin 5 GHz. Ƙananan na'urori su zauna a 2.4, don ya fi ratsa bango. In ka kafa rauta biyu ko uku, ka ba su tasha 1, 6 da 11 a layin 2.4, waɗannan ne ba sa shiga juna.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne data. Kyamara ɗaya mai tura megabit 4 a daƙiƙa tana cin wajen gigabait 43 a kwana guda. Wa zai iya wannan sayen? Bari NVR, na'urar naɗar hoton kyamarori, ta ajiye hoton a cikin gida, ka saita tsarin matse bidiyo na H.265 don ya rage nauyi, abin da zai fita intanet shi ne sanarwar motsi da ɗan guntun bidiyo. Haka na'urar auna ruwan tanki, ba sai ta yi rahoto kowace daƙiƙa ba, in ruwan ya sauya ta faɗa.

Gobe ka zo da takarda, ka rubuta kowace na'ura da ke gidan da abin da take ci, kafin mu taɓa waya ko ɗaya.